Tarwaɗar Baba

Mahaifina mai zanen allunan shaguna ne a Haɗeja. Duk kifin da ya zana wa masu sayar da banda, sai ya ja masa siririn layi a wuya kamar an yanka shi, don kada gobe ƙiyama a ce ya busa masa rai. Da injin buga hoto ya kashe kasuwar fenti, ya koyi zane a waya. Ko a wayar ma bai taɓa mance layin ba.

Bayan rasuwarsa na kai tarwaɗarsa ta ƙarshe a buga. Mai injin ya ɗauka datti ne, ya goge layin. Ina kallo, na yi shiru.

Tana nan rataye a bakin kasuwa, idonta a kaina. Ban san wa za a tambaya ba, Baba ko ni.