Kalmar da Inna Ta Tsinta a Faransanci

Mahaifiyata 'yar dutse ce, daga wajen Mora. Babana Bahaushe ne, mahauci, a Garwa ya aure ta bayan ta musulunta. Tun ina ƙarami na san kalmar "kirdi". Da ita ake kiran mutanen dutse waɗanda ba Musulmi ba, kuma ba da fara'a ake faɗinta ba. In faɗa ya tashi a bakin famfo ita ake jefa wa Inna, sai ta ɗauki bokitinta ta dawo gida.

Da na shiga jami'a na zaɓi tarihin tsohuwar daular Mandara. Sai ga kalmar nan zaune daram a littattafan Turawa, ta zama ilimi. Malamin da ke duba aikina ya ce ai kalmar masana ce, kada in kawo son zuciya cikin bincike. Ni kuwa taurin kai gadonsa na yi. Na bi al'ummomin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace na rubuta ta da sunan da take kiran kanta. Ya ce in makina ya ragu in kuka da kaina.

A wajenmu ranar sutanans, ranar da ɗalibi ke kare aikinsa gaban malamai, dangi ake gayyata kamar bikin suna. Inna ta zo daga Garwa da kulolin shinkafa da dambun nama, ta zauna can baya. Da Faransanci ake zaman, ita kuwa ba ta jin sa ko kaɗan, don haka hankalina kwance yake.

Sai babban cikin malaman, wani dattijo, ya fara tambaya. Me ya sa na guji kalmar? Ya faɗe ta, ya sake faɗi, ya ƙara. Na amsa iya iyawata ban maimaita ta ba, amma raina ya ɓaci, na kasa waiwayawa baya.

Na ci, da maki mai ɗan dama. A waje Inna ta zuba wa malaman abinci da hannunta, ta tsaya har suka ƙoshi. Muna haɗa kuloli na ce, "Inna, kin gaji da zama, ba ki ji komai ba."

Ta ce, "Na ji mana. Tsohon nan ya yi ta kirana." Ta rufe kula, ta ɗaure ta da ɗankwali. "Na kasa kunne ko zan ji a bakinka. Ban ji ba."