Farin Hankicin Mak Zabedah

A ƙauyen nan na bakin kogin Perak, a ƙasar Malesiya, babu mai sayen injin shara sai ya biya ta gidan Mak Zabedah tukuna. Shekara ashirin da shida ta yi tana share ɗakunan wani otal a Ipoh, ta ja injuna kala-kala har kafaɗarta ta dama ta ɗan karkace. Gajera ce, mai siririyar murya da taurin kai. Idan ta jiyo ƙarar inji daga maƙwabta, tana zaune za ta ce buhunsa ya cika. In aka duba kuwa sai a tarar haka ne, abin da ya fi ba mutane haushi ke nan.

Kowa bakin inji yake dubawa, ya ga yadda yake zuƙa. Ita bayansa take dubawa. Tana da wani farin hankici da ba ta rabuwa da shi. Sai ta jiƙa shi, ta matse, ta kara shi a inda iska ke fita, ta ƙirga ɗari a zuciyarta. In hankicin ya fito fari, inji ya ci jarrabawa. In ya fito da dishi-dishi, sai ta ce wannan ai ba shara yake yi ba, kwashe ƙurar yake daga ƙasa yana watsa wa mutane a hanci.

Maguna shida ne a gidanta, kuma ba ita ta tara su ba. Mijinta, marigayi Pak Baharom, mai raba wasiƙu ne, ba ya iya wuce 'yar kyanwa a bakin hanya. A jakar wasiƙu yake zuwa da su, ta yi ta faɗa, ya yi ta dariya. Da ya rasu shekara biyu da suka wuce, abin da ya bar mata ke nan: gidan katako a kan ginshiƙai, kujerar saƙa a bakin taga, da maguna. Babban cikinsu wani tsohon muzuru ne mai suna Belang. Tun ranar da aka fita da gawar ya haye kujerar, bai ƙara yarda wani ya zauna a kanta ba. Mak Zabedah da ta shekara talatin tana korar su da tsintsiya, sai ga shi ita ce mai cire musu ƙaya daga kifi.

A ƙaramar Sallar bara ne abin ya faru. Ɗanta Fadzil ya zo daga Kuala Lumpur da matarsa Norlia da 'yarsu Husna mai shekara huɗu, jikarta ɗaya tilo. Yarinyar ta wuni tana birgima a tabarma, kafin la'asar ƙirjinta ya fara fito kamar buta a kan wuta. Aka garzaya da ita asibiti. Likita ya ce fuka ce, kuma gashin kyanwa da ɓurɓushin fatarta ne ke tayar da ita.

Da azumin bana ya kama, Fadzil ya bugo waya, yana ta kewaye-kewaye.

"Mak, bana dai za mu zo mu gaishe ki a tsakar gida, sai mu wuce gidan su Norlia mu kwana."

"A tsakar gida? Ni baƙuwa ce, ko kuwa ku ne masu tallan katifa?"

"Ba haka ba ne, Mak. Kin dai ga abin da ya faru."

"Na gani. Ka ba ni zuwa ashirin ga wata. Idan gidan nan bai yi yadda yarinya za ta kwanta a ƙasa ba, ni da bakina zan ce kada ku hau."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. A gidan nan aka haifi Fadzil, kuma ba ta ga amfanin Sallar da jika za ta tsaya a ƙasan matakala tana ɗago mata hannu ba. Amma ta yarda da kanta. Wadda ta share ɗaki ɗari biyu, maguna shida ne za su gagare ta?

Fadzil, don ya wanke kansa, ya aiko mata da injin nan mai kama da faifai, wanda ke yawo shi kaɗai. Yaron kirki ne, amma zaman bene ya mantar da shi gidan ubansa. Kowane ɗaki a gidan yana da dokin ƙofa na katako mai tsayin tafin hannu. Injin ya je ya tunkuyi na farko, ya ja baya, ya sake tunkura, ya haƙura ya koma yana zagaya falo. Kafin kwana biyu ƙaramar cikin magunan ta gano daɗinsa, ta riƙa hawa yana yawo da ita.

Maƙwabciyarta Kak Salmiah ta aro mata nata, mai dogon wuya da ake yi wa caji. Ba nauyi, yana shiga ƙarƙashin kabad, Mak Zabedah ta yaba. Sai dai kafin ta gama ɗaki biyu gashi ya nannaɗe burushinsa, caji ya ƙare, kuma da ta zo juye ƙoƙon sharar sai ƙura ta turnuƙe mata fuska.

Ranar Asabar ta hau bas zuwa gari da kwalba cike da gashin kyanwa da yankin tsohuwar tabarma a hammata. Tauke Yeoh, mai shagon kayan lantarki, yana hango ta ya dafe kai, ya kira ta da Mak Cik, wato gwaggo.

"Mak Cik, yau ma da hankicin? Ki tausaya mini, ina da iyali."

"Kai dai jona mini wuta, Tauke. In kayanka na kirki ne, me kake tsoro?"

"Wancan zuwan naki mutum uku suka fasa saye."

"Mutum ukun nan har gobe suna yi mini addu'a."

Ta shimfiɗa tabarmar a tsakiyar shago, ta barbaɗa gashin, ta murza shi da ƙafa har ya shige saƙar. Ta gwada injuna biyar ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi ƙara ya fi kowa ƙazantar iska. Mai tukunyar ruwa ya yi ƙoƙari, amma ya yi mata nauyin hawa matakala. Ta tsaya a kan wani mai kama da ƙaramar ganga, mai buhu da matacin iska mai kauri. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma hankici ya fito fari tas. Tauke Yeoh ya karɓi hankicin ya ɗaga shi sama, ya duba, ya miƙa mata, ya ɗaure mata injin a kwali.

Kwana tara ta yi tana aiki da azumi a bakinta. Ta bi tabarmi ciki da baya, ta bi labule, ta bi katifun audugar rimi da ake ajiye wa baƙi, ta bi tsagar da ke tsakanin katakan daɓe ɗaya bayan ɗaya. Ranar sha tara ga wata da hantsi ta kashe inji, ta tsaya tana kallon falonta, ranta fari.

Sai Belang ya sauko daga kujera. Ya yi miƙa, ya taka zuwa tsakiyar tabarma, daidai inda yarinya za ta kwanta, ya girgiza jiki. Hasken rana na shigowa ta taga, kuma a cikin hasken ta ga abin da ya tashi daga jikinsa yana yawo a hankali. Ta jiƙa hankicinta, ta goga a wurin, ta duba. Ya fito da dishi-dishi. Ta daɗe tana dubawa.

Kak Salmiah, da ta shigo ganin sabon inji, ta leƙa ta ce, "Wannan ɗan abin? Wa zai gani? Ki tura su ƙarƙashin gida kwana ukun Sallah, in baƙi sun tafi su hawo."

"Ƙarƙashin gida? Kin manta iskar da muke sha ta tsagar daɓe take hawowa?"

"To ki ce wa Fadzil an share, ai kuwa an share."

"Salmiah, shekara nawa ina kunyata masu shago da ƙyallen nan? Yau don ya faɗi abin da ba na so sai in ce ƙarya yake?"

A nan ne girman matar nan ya fi bayyana. Gwanintarta ce ta gaza a gabanta, babu mai shaida sai maƙwabciya, kuma ba ta nemi hanyar zillewa ba. Injin ya yi iyakar aikinsa. Ba zai iya share abin da ake zubarwa kowace sa'a ba.

Akwai wata rumfar katako a bayan gida, can wajen bishiyar rambutan, inda Pak Baharom ke ajiye kekensa. Ta sa kafinta ya kewaye ta da raga, ya yi ƙofa. Biyar ɗin ba su ba ta wahala ba, kifi suka bi. Belang ya ƙi. Ta kai shi sau uku yana dawowa kan kujera, har ta gane ba gidan yake riƙe ba. Ta ɗauki kujerar mijinta da kanta, ta sauka matakala da ita tana hutawa, muzurun na biye da ita. Ta dawo ta sake share gidan daga farko, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi, sannan ta buga wa Fadzil waya ta ce su zo.

Ranar Sallah gida ya cika da ƙamshin nama da shinkafar da aka dafa a cikin gora. Fadzil da Norlia suka durƙusa a gabanta suka nemi gafara, ta yafe musu. Da ya ɗago, idonsa ya sauka a bakin taga, inda sawun ƙafafu huɗu ya rage a jikin katako.

"Mak, ina kujerar Abah?"

"Tana wajen mai ita. Tashi ka ci abinci."

Bayan azahar Husna ta ɓingire a tabarma da sabon kayanta, hannunta riƙe da gefen zanen kakarta. Mak Zabedah ta zauna a gefenta, ta karkata kai kamar yadda take yi in tana sauraron inji. Ta ƙirga ɗari, ta sake ƙirga wani ɗarin. Numfashi na shiga yana fita, babu fito.

Ta zare zanenta daga hannun yarinyar a hankali, ta zuba kifi a kwano, ta sauka ta bayan gida. Belang na kwance a kujera, ya juya mata baya. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa a gaban kujerar kamar yadda ta saba durƙusa wa mijinta neman gafara kowace Sallah shekara talatin, ta dafa hannun kujerar da ya sha riƙo har ya yi santsi.

"Na fitar maka da su daga gida," ta ce. "Ka yafe mini."

Sannan ta je bakin famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta sauya riga a ƙasan matakala, ta hau wajen jikarta.