Kawu bai ga alamar taimin ba

Ɗazu da hantsi ina tsugune a garejin Kawu Ɗanlami a Gwallaga, yana haɗa injin babur ɗina na tsere. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma ba wanda ya taɓa kwance min inji sai shi.

Ya zura siririn ƙarfen awo ya gwada tazarar bawul, wato marfin shiga da fitar iskar inji, ya ɗaure, ya gyaɗa kai. Da aka zo saita taimin, wato daidaita motsin bawul da na fistin, sai ya daɗe yana leƙen ramin maganeto a gefen inji, inda alamar take. Ya murza ido, ya sake leƙawa.

"Auwalu, zo ka duba min. Layin ya hau kan alamar?"

"Kawu, ai ya wuce ta sosai."

Shi ya koya min cewa idan taimin ya goce, fistin kan daki bawul, inji ya cije ana tsaka da gudu.

"Tun yaushe ba ka gani sosai?"

"Tun kafin azumi. Kada ka gaya wa uwarka."

Ni kuwa bayan sallah na yi tsere a hanyar Inkil da injin da ya haɗa shi kaɗai.

Muka saita tare, ni ido, shi hannu. Injin ya tashi lafiya lau, amma turo babur ɗin na yi har gida.

Asabar akwai tsere. Ina tsoron hawa, ina kuma tsoron ranar da zai ji na kai wa wani ya duba aikinsa. Jama'a, da ku ne, ya za ku yi?