Bayansa Kawai Ta Sani

Yayana ɗan gayu ne, Allah ya jiƙan rai. Leburan kuza ne a Naraguta, tun Turawa ba su ba mu mulkin kai ba, amma in ya wanke jar laka ya shirya ran Lahadi, sai ka rantse akawu ne. Da kaka ta kama, sanyin Jos ya fara cizon kunne, sai ya fito da kayan da ya tsinto a gwanjo wurin wata Bayarabiya a nan Rikkos: kwat ta ulu ruwan toka, wadda wani Bature ya bari da zai koma gida, da ƙyallen wuya na saƙa, da malafar Turawa mai taushi. Har da sarƙar agogo a aljihu, alhali babu agogon. In ka tsokane shi ka ce, "Oga, ƙarfe nawa?" sai ya taɓa sarƙar, ya ɗaga kai ya dubi rana.

Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, sai dai "wancan". Ba ta duban fuskarsa. In ya durƙusa gaishe ta cikin wannan kwalliya, sai ta kau da kai ta shiga gyara itacen murhu. Sai ya juya zai fita take ɗagowa, ta bi shi da ido har ya shige zaure. Na sha kama ta.

Wata shekara, ƙarshen damina, gaɓar wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa ta zabtare da shi. Maza suka kai shi makwancinsa. Inna ba ta yi hawaye ko ɗigo ba, mata suna ta yaba mata. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Wace irin kunya ce wannan, har gaban gawa?

Aka ce a ba da kayansa sadaka, ta ƙi. Ta ninke su cikin akwati da kafur. Duk kaka sai ta fito da su su sha iska. Takan zura sanda a kafaɗun kwat ɗin, ta rataye a igiyar shanya, ta ɗora malafar, kuma kullum gaban rigar na duban zaure. In iska ta kaɗa, wallahi sai ka ga mutum ya ba ka baya zai fita. Tsoro nake ji ƙwarai. Ko buta zan ɗauka, sai in bi ta jikin katanga.

Haka muka yi ta yi har na kai tsawonsa. Wata safiya mai sanyi, ina shirin fita, ta kira ni tsakar gida.

"Zo ka sa."

Ban so ba, amma ba a musu da Inna. Kwat ɗin ta zauna mini cif, warin kafur ya cika mini hanci. Ta naɗa mini ƙyallen, ta maƙala sarƙar. Da ta ɗauko malafar sai ta tsaya.

"Har ina yake sauke ta a goshi?"

"Haba Inna, ba ki sani ba?"

"Ni bayansa kawai na sani."

Na karɓa na sa, na jawo bakinta har kan girar hagu, yadda yake yi. Sai na juya mata baya, a zatona abin da take so ta gani ke nan.

"A'a," in ji ta. "Juyo."

Na juyo. Ta kama haɓata da hannu biyu, ta zuba mini ido, ba ƙyaftawa, hawaye na gangarowa har cikin bakinta. Sannan ta kira suna, a hankali, kamar mai tsoron maƙwabta su ji. Ba nawa ba ne. Ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Na ce, "Na'am, Inna."