Ranar da Nuwayo Ya Hana Ni Shiga

Ban taɓa mantawa da ranar da na'ura ta kunyata ni a gaban shanu ba, kuma ko na so mantawa Ardo Bube ba zai bar ni ba. Ku sababbin shiga kuna ganin furfurata kuna cewa Kawu Isiyaka bai taɓa kuskure ba. To ku gyara zama. Lokacin ina shekara ta tara a ofishinmu na Filinge, mu ke kula da foraj-foraj na ƙasar Kurfai, wato rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana. Shef Hamani ne a sama, ni ke bi masa a matsayin babban teknisiyan, sai Rakiya, injiniya, wadda ba ta fi wata huɗu da zuwa daga Yamai ba.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Kowane foraj yana da 'yar na'ura cikin akwatin ƙarfe, ba ta fi tafin hannu ba. Ita ke tada famfo idan rana ta fito, ita ke tsayar da shi idan shato, wato tankin ruwa, ya cika. A cikinta akwai memuwar, wato ƙwaƙwalwar da take ajiye duk abin da take aiki da shi, kowane gurbi da lambarsa, lambar ce muke kira adireshi. Akwai kuma nuwayo, shi ne zuciyar tsarin. Shi ke raba wa kowane porogaram wurinsa a memuwar, ya hana wani taka na wani. Ƙa'ida ita ce, idan porogaram yana son taɓa famfo ya gaya wa nuwayo, nuwayo ya taɓa masa.

Ni kuwa da na tashi rubuta porogaram ɗin famfo, sai na ga wannan zagaye ne da ɓata lokaci. Akwai wata ƙofar baya da ke kai mutum cikin memuwar kai tsaye, sai na bi ta nan. Na san adireshin da maɓallin famfo yake. In rubuta ɗaya ya tashi, in rubuta sifili ya tsaya. Shekara shida yana aiki, ko tari bai taɓa yi ba. Ina ji da porogaram ɗin nan kamar ɗan fari, kowa a ofis ya san ba a taɓa mini shi.

A ƙarshen wata bazara aka yi hadarin farko, irin mai tsawa da iska, ruwa kuwa ko na wanke fuska ba a samu ba. Tsawa ta faɗa a foraj ɗin wani ƙauye a Kurfai Santar, ta ƙone na'ura, ta ƙone maɓallin da ake tada famfo da hannu. Maɓallin sai an aiko daga Yamai, kwana huɗu a ƙalla. Na'ura dai muna da wata a magazan, ɗakin ajiyarmu, sabon samfuri, ba irin tsohuwar ba. Tabkuna duk sun ƙafe, kuma a foraj ɗin nan garken Ardo Bube da na maƙwabtansa suke sha.

Ranar Talata da safe Shef ya kira mu ofishinsa ya ce, "Jiya shanun nan ba su sha ba. In ba su sha yau kahin la'asar ba, Ardo zai kora su wata rijiya mai tahiyar wuni guda, kuma ramammun ba su kaiwa. Ku tashi."

Abin da Shef bai faɗa ba, amma kowa ya sani, shi ne ina da jar saniya da maraƙinta a cikin garken nan. Kamar yadda yawancin ma'aikata da 'yan kasuwar Filinge suke yi, na ba Ardo amanarta yana kiwo. Ga shi ni Ba'are ne, shi Bahillace, taubasai ke nan, ba mu haɗuwa mu rabu lafiya.

Mun isa da hantsi. Shanu sun kewaye wurin, sai kuka suke, makiyaya na tare su da sanduna kada su afka wa busasshen kwamin shan ruwa. Ardo na tsaye da malafarsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ba'are, ka zo da ruwa ko ka zo da baki?"

Na ce, "Bahillace, ja shanunka baya kada ambaliya ta tahi da su."

Muka ɗaura sabuwar na'ura. Rakiya ta sa kart, wato ɗan katin ajiya, da ta shirya tun a ofis, mai ɗauke da sabon nuwayo da porogaram ɗina. Ta jona ordinatarta, wato kwamfuta, na karɓa na tada porogaram. Sai ga layi ɗaya a ekaran, fuskar ordinatar: an hana. Na sake, an hana. Na shiga da ikon babba, wanda ke buɗe komai a na'ura, na sake. An hana! Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi.

Rakiya ta ce a hankali, "Kawu, sabon nuwayo ya sa wa ƙofar baya sakata. Yana barin a taɓa wurin maɓallai, amma ba ya barin kowa ya taɓa memuwar da tsari ke aiki da ita, ko da babba ne. Tunda ya hana ka, ina jin adireshin nan ba na maɓalli ba ne a wannan na'ura. Ba ni minti goma in duba takardarta."

Ku ji fa. Magana ce mai kyau, cikin ladabi. Amma a gaban Ardo aka yi ta, shi ya sa ta shige ni ta baya.

Na ce, "Ɗiyata, adireshin da na haddace tun kina 'yar makarantar lise za ki duba mini a takarda? Shanu na mutuwa kina karatu?"

Ta ɗauki takardar ta koma inuwar fano, faifan da ke kama hasken rana. Ni kuwa na cire hulata. A cikin naɗin hular ina ajiye wani kart, a kansa akwai nuwayon da na harhaɗa da hannuna don gwaji a ofis, na cire masa sakatar nan gaba ɗaya. Dokar aikinmu ita ce ba a canza nuwayo a foraj sai da izinin Shef, don haka na hau tudu inda ake samun rezon waya na buga masa.

Shef ya ce, "Isiyaka, ka tabbata?"

"Shef, in ruwa bai hito ba ka canza mini suna."

"Rakiya mi ta ce?"

"Rakiya karatu take."

Ya ce, "To, kai ne babba a wurin." Rezo ya yanke.

Na cire kart ɗin Rakiya na miƙa mata, na sa nawa. Na'ura ta tashi. Na tada porogaram, wannan karon babu wanda ya hana ni, ekaran ya rubuta cewa famfo ya tashi. Na miƙe na kaɗa hula sama na ce, "Ardo, sako su!"

Aka sako su. Jama'a, ba ku taɓa ganin shanu sun zura baki cikin busasshen kwami sun ɗago gaba ɗaya sun dubi mutum ba. Ni na gani. Famfo ko motsi bai yi ba. Na kasa kunne a bututu, shiru. Na koma na sake rubuta ɗaya, na sake, na sake, sai haruffan ekaran suka fara hawa kan juna, daga nan na'ura ta sanƙare. Na kashe na kunna, na sake tada porogaram, ta sake sanƙarewa. Makiyaya suna ta fama da shanu suna mayar da su baya, ƙura ta tashi, wata tsohuwar saniya ta durƙusa a gefen kwami ta ƙi tashi. Nan ne na gane wasa ya ƙare.

Rakiya ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta buɗe takardar, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kawu, duba. A sabuwar na'ura sun mayar da maɓallai wani wuri. Adireshinka na dā yanzu a tsakiyar memuwar yake, inda nuwayo ke ajiye kayansa. Kana ta rubuta ɗaya a kan kayan mutane."

Na duba. Na sake dubawa. Haka ne, babu ko tantama. Abin da na kira taurin kan nuwayo, ashe ni yake karewa daga ɓarnar hannuna.

Ardo ya matso ya ce, "Ɗiyata, hwaɗa mini da Hausa, mi Ba'are ya ɓata?"

Ta yi masa bayani a taƙaice: akwai mai tsaro a cikin na'ura, ya hana Kawu shiga, Kawu ya kore shi ya shiga da kansa, ya je inda ya saba samun maɓalli ya tarar an canza wuri. Ardo ya saki sandarsa ya riƙe ciki. Duk da halin da ake ciki, dariya yake har da hawaye.

"Wanga ai halinshi na! Bara ya zo ganin maraƙinshi. Na ce dakata in kamo maka, ya ce a'a, ya san wurinshi, maɗauri na uku ga dangwali. Bai san mun sake musu wuri ba. Ya tahi ya rungumi ɗan wata baƙar saniya mai hushi. Ba'are, nuna mata ƙahwarka!"

Dangwali ita ce doguwar igiyar da Fulani ke ɗaure maruƙa a jere. Kuma gaskiya ne, saniyar ta harbe ni, tabon yana nan a ƙaurina har gobe. Makiyaya suka kwashe da dariya, Rakiya ta rufe baki da gyale tana kallon ƙasa.

Ardo ya share ido ya ce, "Kowa ya ba da amanar saniya, ta hannun makiyayi yake ganinta. Ba don an raina shi ba, don makiyayi ne ya san inda kowace ta kwana." Sai ya dubi rana, fuskarsa ta canza. "Amma ku ji, in an yi azahar inuwa ta karkata ban ga ruwa ba, ni kora su zan yi."

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba, amma na faɗe ta.

"Injiniya, na yi kuskure. Mi za mu yi?"

Ta ce, "Mu mayar da kart ɗina. Porogaram ɗinka lafiyarsa ƙalau, Kawu, wuri ɗaya ne kawai za mu sake, inda yake shiga da kansa. Mu sa ya riƙa roƙon nuwayo. Amma ni ban san wace waya ke zuwa ina ba, kai ka ɗaura su."

Haka muka yi. Ita tana rubutu a ordinatar da ta ɗora a kan gwiwa, ni ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina karanto mata: wannan ta famfo ce, wannan ta ma'aunin shato, wannan ta ma'aunin ruwan ƙasa. Zufa na ɗiga daga gemuna. Aka kira azahar, muka yi taimama muka yi salla, a bakin foraj guda babu ruwan alwala. Da muka sallame na hango wasu makiyaya sun fara juya kan garkensu gabas. Jar saniyata na can a gefe, haƙarƙarinta a waje, maraƙin na tsotsar nonon da babu komai.

Gwajin farko bai yi ba, na ba ta lambar waya a juye. Ban yi musu ba, na gyara. A gwaji na biyu ta ce, "Kawu, kai za ka danna."

Na yi bisimilla na danna. Sai muka ji wani ɗan gurnani daga ƙarƙashin ƙasa. Bututu ya yi tari, ya fesa iska, ya tofo jan ruwa, daga nan sai ga shi fari tas yana zuba a kwami. Wayyo daɗi! Makiyaya suka ɗau ihu suna kiran waɗanda suka juya. Mutum huɗu suka ɗaga tsohuwar saniyar nan suka kai bakinta ga ruwa, ta sha, ta sha, ta miƙe da ƙafarta. Ni da ban cika kuka ba sai da na juya baya na goge ido da hula. Ranar ko saniya ɗaya ba a rasa ba.

Ardo ya aiko da ƙwaryar nono ya ce a ba Injiniya. Na ce ni fa? Ya ce, "Kai Shef ya canza maka suna tukuna." Ashe duk alkawarin da na yi a kan tudu a kunnensa na yi shi.

Washegari na rubuta rahoto, ban ɓoye komai ba, har da kart ɗin cikin hula. Shef Hamani ya karanta ya yi dariya, ya ce sunan da ya zaɓa mini shi ne Maɗauri Na Uku, kuma sunan ya bi ni har Shef ya yi ritaya. Cikin daminar nan ni da Rakiya muka zagaya foraj-foraj ɗinmu duka, har na wajen Sanam, muka rufe ƙofar bayan nan a ko'ina.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu hannun da ya fi haɗari shi ne na gwani, domin shi ne ba ya tambaya. Sabon shiga in an hana shi sai ya tsaya ya duba. Tsohon hannu in an hana shi sai ya nemi guduma. Don haka duk ranar da na'ura ta ce muku an hana, kafin ku zage ta, ku tambayi kanku me ta sani wanda ba ku sani ba. Haka kuma in ƙaramin ma'aikaci ya ce a ba shi minti goma, ku ba shi. Ni minti goma na hana, na jawo wa shanu awa uku na ƙishirwa.

Kart ɗin yana nan a aljihun teburina. Wanda duk ya zo yana roƙon in cire masa sakata don aikinsa ya yi sauri, sai in fito da shi in ajiye a gabansa, in naɗe ƙafar wando in nuna masa tabo. Jar saniyar nan kuwa ta ba ni maruƙa huɗu tun daga lokacin. Duk sanda na je ganinsu, a bakin garke nake tsayawa in yi sallama, in jira Ardo ya kamo mini.