Farar Rigar Tashimuje

Tun yana rarrafe aka san ba zai zauna ba. Kakarsa ce ta sa masa suna Tashimuje, domin ko gaisuwa aka kai shi, kafin a gama tambayar gajiya ya riga ya nemo takalman kowa ya jera a bakin ƙofa. A tsaye yake cin abinci. A aji kuwa ƙafarsa ba ta daina kaɗa benci, har maƙwabcinsa ya koyi rubutu a kan cinya.

Da ya shiga karatun lafiyar jama'a, Umma ta ɗinka masa farar riga irin ta asibiti, ta sa mata sitaci ta goge har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Da ita ya tafi zaman sanin makamar aiki a wani ƙaramin asibiti, zuciyarsa cike da annobar da zai tare da ƙirjinsa.

Sista Babba, mai kula da ɗalibai, ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne mai sauri? To ga aiki. Akwai wani tsohon tela mai tarin tibi, ya fara shan magani ya ji sauƙi ya daina zuwa. In ya ci gaba a haka ciwon zai dawo, ya ƙi jin magani, ga jikoki suna kwana ɗaki ɗaya da shi. Kullum da safe ka kai masa, ka ga ya haɗiye da idonka."

"Shi ke nan, Sista?"

"Je ka dai."

Ya je, kusan da gudu. Shagon Baba Tela na cikin layin masu ɗinki, ɗan ƙarami, ƙyallaye a ƙasa, keke a bakin taga, mata biyu zaune suna jiran a auna su. Tashimuje ya tsaya a ƙofa, rigarsa na ɗaukar ido, ya ɗaga murya yadda aka koya masa a aji, wai don saƙo ya isa.

"Sannu Baba! Daga asibiti nake, na kawo maka maganin tarinka!"

Matan suka dubi juna. Ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ɗayar ba ta ma nemi dalili ba, ta ja yadinta ta fice.

Washegari shagon a rufe. Kashegarinsa ma haka. Tashimuje ya zaga kasuwa, ya leƙa gidan Baba, ya tambayi mai gyaran keke, ya tambayi mai sayar da zare. Duk inda farar rigar ta ɓullo, an riga an gano ta tun daga farkon layi, sai a ce, "Yanzun nan ya fita." Ya dawo asibiti gumi na zuba, ya kasa zama, yana kai da kawo tsakanin sikelin jarirai da firjin rigakafi, ƙwayoyin na ƙara a aljihunsa.

"Za ka huda mini siminti," in ji Sista Babba. "Ya sha?"

"Ban same shi ba."

"To ciwon ya same shi."

Da sassafe ya sake fita, garin sauri ƙusar wani teburi ta kama aljihun rigar ta yage shi har ƙasa. Ya tuna Umma da sitacinta. Ya cire rigar ya duƙunƙune ta a hammata, ya shiga layin masu ɗinki da 'yar shat ɗinsa. Ba wanda ya ɗaga kai. Shagon Baba Tela a buɗe, tsohon na kan keke yana tari ƙasa-ƙasa.

Suka yi ido huɗu.

"Kai ne mai shela," in ji Baba.

"Baba, ka yi haƙuri. Ɗinki na kawo."

Tsohon ya karɓi rigar ya juya ta. "Wa ya sa mata wannan sitaci? Wannan ai ƙofa ce, ba riga ba. Zauna."

Ya zauna a bakin benci, rabin jikinsa a iska. Baba ya zura zare, a hankali, kamar mai jin daɗin azabtar da shi.

"Ɗana, shekara da shekaru nake cin abinci da wannan keken. Ka zo ka tsaya mini a ƙofa kamar motar asibiti. Wa zai kawo kayan bikinsa wurin mai tari?"

"Baba, in kana shan maganin nan yadda ya kamata, za ka daina sa wa kowa nan ba da jimawa ba. Barinsa ne haɗari. Jikokinka fa?"

Keken ya tsaya. Baba ya leƙa ƙofa. Sannan ya miƙa hannu ta ƙarƙashin teburi, ya karɓi ƙwayoyin, ya kora da ruwan buta.

"In za ka shigo shagona, ka shigo da ɗinki."

Daga ranar rigar ta shiga uku. Kullum da safe Tashimuje kan tsaya bayan wani kanti ya tsinke maɓalli, ko ya farke kafaɗa, ko ya zare bakin hannu. Baba kuma ba ya haɗiye komai sai ya gama ɗinkin, ba ya kuma sauri don kowa. Ƙafar Tashimuje na kaɗa benci, almakashi na rawa a kan teburi, amma yana zaune. A nan ya ji wace jika ce ta fara tari, ya lallaba aka kai ta gwaji. Maƙwabta suka riƙa tausaya masa, suna cewa ba su taɓa ganin yaro mai cin riga irinsa ba. Da farin zare ya ƙare, Baba ya ci gaba da wanda ya samu, shuɗi, kore, har da ruwan goro.

Zaman Tashimuje ya ƙare kafin maganin Baba ya ƙare. Gwajin kakin tarin Baba ya nuna sauƙi, amma da sauran watanni a gaba. Ranar sallama ya kai wa ɗalibar da za ta gaje shi rigar a leda.

"Kar ki sa ta, a hammata ake riƙewa. Maɓallin sama ya fi saurin fita. Kuma ki ci abinci kafin ki je, ba ya sauri."

A gida Umma ta tambayi rigar da ta sha wahalar gogewa.

"Tana wurin tela, Umma."

"Yaushe za a karɓo?"

"Sai ya gama," ya ce, yana neman takalmansa.