Goron Bakin Fili

A filin ƙwallon Kademi akwai wani dogon dattijo mai koɗaɗɗiyar hula, aljihunsa cike da goro. Ban san sunansa ba. Ana wasa da Gafasa, wani saurayi yana ta yi wa golansu ihu: "Inyamiri, koma garinku!" Golan kuwa, Ibo ne amma haihuwar Gafasa, har ya fara cire safar hannunsa zai fita.

Dattijon ya tako a hankali, ya miƙa wa saurayin goro. Dole ya durƙusa ya karɓa hannu biyu.

"Ci, ɗana. Baki ba ya aiki biyu."

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Golan ya mayar da safarsa.

Ina jin dattijon nan ya taɓa zaman baƙunci a Kudu.